Kakar Ingirici a Gandun Kiwo na Yammacin Amurka: Jagora ga Matasan Ma'aurata Masu Shanu

A jihohin Montana, Wayomin, Nebraska da Dakota biyun nan, sanyi da dusar ƙanƙara kan hana ciyawa tsirowa a makiyaya wata huɗu zuwa shida a shekara. Abin da saniya za ta ci a Janairu, tun a Yuni da Yuli ake yanke shi, a shanya, a ɗaure, a tara. Shi ya sa bazara a gandun kiwo ba lokacin hutu ba ce. A cikin 'yan makonni ake haɗa abincin rabin shekara.

Wannan jagora ta matasan ma'aurata ce da suka karɓi gandu daga hannun iyaye ko suka yi hayarsa, ga yara ƙanana, ga tsofaffin injuna, ga hannu biyu ko uku kacal. Irinku ba su da yawa, domin ƙidayar manoman Amurka ta 2022 ta nuna cewa matsakaicin shekarun mai gona ya haura 58. Wanda ke da ma'aikata goma yana iya kwantar da eka ɗari biyu a rana ya kwashe su a kan lokaci. Ku ba ku da wannan. Ƙa'idar da duk sauran maganar nan ta rataya a kanta ita ce: kada ku yanke abin da ba za ku iya ɗaurewa ba kafin sama ta canza ko jikinku ya gaza.

Mataki na 1: Ku fara da lissafin hunturu

Tun a Afrilu ku zauna da takarda, ku biyu. Saniya mai nauyin fam 1,200, wato kusan kilo 545, tana cin busasshen abinci kashi 2 zuwa 2.5 cikin ɗari na nauyinta kowace rana. A sauƙaƙe, ku sa mata fam 30 na ingirici a yini. A ce kuna da shanu 100, kuma kwana 150 za ku ciyar: fam 450,000 ke nan, tan 225 a ma'aunin Amurka inda tan ɗaya yake fam 2,000. Ku ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na abin da zai ruɓe a tari ko shanu su tattake, sai ku ga kun doshi tan 265. In damin injinku yana kai fam 1,200, kuna neman dami 440 da 'yan kai. Ba a sa bijimai ba, ba a sa karsanan da kuka ware don haihuwa ba, ba a sa dawakai ba.

Sannan ku duba filayenku. Alfalfa, wani tsiron abincin dabbobi ne na dangin wake. Wadda ake yi wa ban ruwa tana ba da ninkin abin da ciyawar fadama ko ta tudu ke bayarwa, kuma ana yankanta sau biyu zuwa huɗu a waɗannan jihohin, yayin da fadamun da ke can saman duwatsu sau ɗaya tak ake yanka. In lissafi ya nuna giɓi, yanzu ne lokacin sanin hakan. Ingiricin da za ku saya a Yuli, lokacin da kowa ke da shi, ya fi sauƙin samu a kan wanda za ku nema a Fabrairu bayan kowa ya ƙare nasa.

Mataki na 2: Injuna kafin ƙarshen Mayu

Injuna huɗu ne ƙashin bayan aikin: injin yanka, manjagarar da tarakta ke ja, injin ɗauri, da tarakta mai hannun ɗaukar kaya. Injin ɗaurin da ke nannaɗe ciyawa ya fitar da babban dami mai kamar ganga, wanda Gary Vermeer ya ƙera a garin Pella na jihar Ayowa a 1971, shi ne ya sa mutum biyu ke iya aikin da a da sai an tara gayya. Amma idan ya tsaya, komai ya tsaya.

Ku canza baƙin mai, ku sa giris a duk inda ake sawa, ku wasa ko ku canza wuƙaƙen injin yanka. A injin ɗauri ku duba bel-bel ɗin da mahaɗinsu, ku duba sarƙoƙi, ku ƙirga haƙoran da ke tsintar ciyawa daga ƙasa. Ku bar shi ya juya babu kaya na minti goma sha biyar, ku kashe, sannan ku auna zafin kowane boris da ɗan ma'aunin zafi na hannu wanda ake haskawa daga nesa. Boris ɗin da ya fi 'yan'uwansa zafi, ku fidda shi a ranar. Shi ne zai tayar muku da gobara a tsakiyar fili.

Ku sayi raga ko igiyar ɗauri ta dukan kakar, da ƙari. Ku ajiye a aljihun tarakta abubuwan da suka fi karyewa: wuƙaƙe, haƙora, kusoshin da aka yi don su karye in inji ya cije, mahaɗin sarƙa, tiyon mai. Shagon kayan gyara na iya zama tafiyar awa ɗaya ko biyu, kuma a makon farko na yanka kowa can yake layi.

Mataki na 3: Wa ke yin me, kuma wa ke riƙe da yara

Wannan ita ce maganar da aka fi tsallakewa, kuma ita ce ta fi janyo ɓacin rai. Ku amince a kan wanda ke da ikon cewa "yau za a yanka." A gandun da uban maigida ko na uwargida yake raye, yana zaune a gidan da ke gefe, filin kuma da sunansa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Dattijo ya san filin, ya san kusurwar da ruwa ke kwanciya. Ku nemi shawararsa da ladabi tun kafin lokaci, ku fahimci juna a kan wanda zai yanke hukunci, don kada ranar da hadari ya haɗo a tsaya ana jayayya a gaban tarakta.

A gidaje da yawa ɗaya daga cikin ma'auratan yana aiki a gari, sau da yawa saboda inshorar lafiya da albashin da ke shigowa kowane wata. In haka kuke, ku nemi hutun aiki ya faɗo a makon ɗauri. Yanka mutum ɗaya na iya yi. Ɗauri da kwasa ne ke cin hannu.

Sai yara. Cibiyar kula da lafiyar yaran karkara da ke Marshfield a jihar Wiskonsin ta daɗe tana faɗin cewa kusan duk kwana uku yaro ɗaya ke rasa ransa a hatsarin da ya shafi aikin gona a Amurka, kuma tarakta da sauran ababen hawa ne kan gaba. Dokar ƙwadago ta tarayya ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 16 ba aikin tuƙa taraktar da ta haura ƙarfin doki 20, sai mai 14 ko 15 da ya sami takardar horo. Sai dai dokar ba ta hau kan yaron da ke aiki a gonar iyayensa ba. Ma'ana, babu hukumar da za ta zo ta tsare muku 'ya'yanku. Ku ne dokar.

Ni a wurina abu uku ba su da sassauci. Na farko, kujera ɗaya, mutum ɗaya. Tarakta marar rufi ba wurin ɗora yaro a cinya ba ce, ko da ya yi kukan duniya. Na biyu, a yi wa ƙananan yara wurin wasa mai shinge, nesa da hanyar da injuna ke bi, kuma kafin a tayar da kowane inji a harabar gida, direba ya sauka ya zagaya shi, ya san inda kowane yaro yake. Na uku, a kowace awa a san sunan babban da yara ke hannunsa. "Ai na ɗauka suna wurinki" ita ce maganar da ba ku so ku taɓa furtawa. In babu kaka kusa, ku yi yarjejeniya da maƙwabciya, ko ku ɗauki matashiya ta zauna da su na makonnin nan. Kuɗin renon ku sa shi cikin kuɗin ingirici, daidai da man dizal.

Yaro mai shekara shida ko bakwai yana son a ce da shi ake yi, to a ba shi aikin da ya dace da shi: cika gorunan ruwa, ciyar da kaji, ƙirga dammuna daga tagar mota yana rubutawa.

Mataki na 4: Ruwa, sama, da ranar yanka

In filinku na ban ruwa ne daga narkakkiyar ƙanƙarar duwatsu, kun san dokar ruwa ta yammacin Amurka: wanda haƙƙinsa ya fi tsufa shi ke fara sha. Mai sabon haƙƙi yana iya rasa ruwa tun tsakiyar bazara a shekarar fari, don haka ku san shekarar da ke kan takardarku. Ku tsayar da ruwa kamar mako ɗaya zuwa kwana goma kafin yanka, gwargwadon irin ƙasar. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana hana ciyawa bushewa daga ƙasa, tayoyi kuma su danne ta su lalata saiwa.

Lokacin yanka ciniki ne tsakanin yawa da inganci. Alfalfa ana yankanta daga lokacin da ta yi toho za ta buɗe fure zuwa lokacin da kamar ɗaya cikin goma na tsirran suka yi fure. Ciyawa zalla kuma, lokacin da kan ya fara leƙowa. In kun jinkirta, tan zai ƙaru, amma kara zai yi tauri, sinadarin gina jiki ya ragu. Shanun nama ba sa buƙatar irin ingiricin shanun madara, saboda haka ɗan jinkiri ba asara ba ne a gare ku. Abin da ya dace shi ne ku yanke fili ɗaya da wuri don karsana da shanun da za su yi shayarwa, sauran su biyo baya.

Ku duba hasashen hukumar yanayi ta ƙasa safe da yamma. Kuna neman kwana uku zuwa huɗu a jere na rana da iska. Ruwan da ya sauka a kan ciyawa jim kaɗan bayan yanka ɓarnarsa kaɗan ce. Wanda ya same ta tana gab da bushewa shi ne ke wanke zaƙinta ya kakkaɓe ganyen. Nan ne ƙa'idar farko ke aiki. Ku san eka nawa injin ɗaurinku ke gamawa a yini ɗaya na gaskiya, da tsayawar gyara da komai, sai ku yanke daidai wannan, gobe ku ƙara wani yankin. Zuciya za ta ce a kwantar da filin duka tunda injin yanka na gudu. Kada ku biye mata.

Mataki na 5: Yanka, shanya, tarawa

Ku shiga fili bayan raɓa ta ɗaga. Ku bar kututturen alfalfa inci 2 zuwa 3, na ciyawa inci 3 zuwa 4. Aske fili har ƙasa yana jinkirta tohowa, yana kuma cusa ƙasa cikin dami. Ɗanyar ciyawa kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari ruwa ce, kuma kusan duk wannan ruwan sai ya fita. Ku buɗe bayan injin ya baza ta da faɗi maimakon ya tara ta siririn layi, ku kuma daidaita ƙarafan da ke matse kara su fasa shi ba tare da sun niƙe ganye ba.

A watan Yuni 'ya'yan barewa da tsuntsaye masu ƙwai a ƙasa suna ɓoye cikin ciyawa. Ku fara daga tsakiyar fili ku yi waje, ko daga gefe ɗaya zuwa ɗayan, don su sami hanyar gudu. Ban da tausayi, mushen da ya shiga cikin dami yana iya haifar da dafin da ke shanye jikin dabba, dawakai kuma sun fi saurin kamuwa.

Ku ja manjagara tun alfalfa tana da sauran laushi, danshinta wajen kashi 35 zuwa 40, galibi da sassafe. Mafi yawan sinadarin gina jikinta a ganye yake, kuma ganyen nan kamar na harawar gyaɗa ne, in ya bushe ƙamas, taɓawa kaɗan ya zube. In kun ga ƙura kore tana tashi a bayan manjagara, abincin shanunku ne ke bin iska. Ku tsaya, ku jira raɓar gobe.

Mataki na 6: Danshi da ɗauri

A nan ake cin kakar ko a faɗi. Ƙaramin dami mai kusurwa huɗu, wanda mutum ke ɗagawa da hannu, yana jure danshi har kashi 18 zuwa 20. Babban dami mai kamar ganga, kada ya wuce 18, gara ma 15 ko 16. Babban dami mai kusurwa huɗu ya fi kowanne matsewa, shi kuma 15 ko ƙasa da haka. Dalilin a bayyane yake: gwargwadon girma da matsewar dami, gwargwadon wahalar fitar zafi da danshi daga cikinsa.

An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a wannan aikin kada ku dogara da ido kaɗai. Gwajin hannu yana da amfani don farawa: ku zaro damƙi ɗaya daga ƙasan layi, inda ya fi jiƙa, ku murɗa shi da hannu biyu. In karan ya karye bayan murɗa biyu ko uku, ya kusa. In ya nannaɗe kamar igiya, ko kuka kankare bayan karan alfalfa da farce ya saluɓe, da saura. Daga nan sai ma'auni. Sandar auna danshi da ake cusawa cikin dami ba ta da tsada idan aka kwatanta da rumfar da za ta ƙone. Ku ɗaure dami biyu, ku soka ta wurare da dama a kowanne, ku yi aiki da adadin danshi mafi girma, ba matsakaici ba. In kuna shakkar sandar, ku gwada ta a kicin: ku auna giram 100 na yankakkiyar ciyawa, ku sa a na'urar maikirowef tare da kofin ruwa a gefe don kada ta kama wuta, ku riƙa kunnawa kaɗan-kaɗan kuna aunawa har nauyin ya daina raguwa. In ya tsaya a giram 84, danshin kashi 16 ne.

A busassun wuraren yamma matsalar takan juye. Da rana tsaka alfalfa ta bushe fiye da kima, sai a jira raɓar dare ta ɗan tausasa ganyen. Shi ya sa za ku ga fitilun injin ɗauri a fili ƙarfe biyu ko uku na dare. Wanda zai yi wannan ɗaurin dole ya kwanta da rana. Ɗayan ya riƙe gida da waya, ya hana kowa tashinsa.

Yanzu abin da ke raba mutum da hannunsa. Sandar da ke kai ƙarfin tarakta zuwa inji, wadda ake kira PTO, tana juyawa sau 540 a minti, wato sau 9 a daƙiƙa ɗaya, wasu ma sau 1,000 a minti. In ta kama hannun riga ko igiyar hula, babu mai saurin da zai kuɓuta. Murfinta ya kasance a kanta kullum, kuma ba a tsallake ta. Idan bakin injin ɗauri ya toshe, ku cire giya, ku kashe tarakta, ku zare makulli ku sa a aljihu, ku jira komai ya tsaya cik kafin ku sa hannu. Kada ku tura ciyawa da ƙafa inji na juyawa. In za ku shiga ƙarƙashin ƙofar baya, ku kulle ta da makarinta. A gangare, ku juya ku sauke dami ta yadda ba zai gangara ba, domin dami mai fam dubu in ya kama hanya yana ɓalle shinge ya faɗa titi. Taraktar da ba ta da ƙarfen kariya na kifewa, ku sa mata, ku kuma ɗaura bel, saboda kifewar tarakta ita ce kan gaba wajen kashe manoma a Amurka.

Ku rataya tukunyar kashe gobara mai hoda a tarakta, ta ruwa kuma a jikin injin ɗauri. Kowace yamma ku hure ƙaiƙayin da ya taru a inji. Ranar da hukumar yanayi ta ba da gargaɗin gobarar daji saboda iska da bushewa, ku ajiye tankin ruwa a bakin fili, ko ku haƙura da ɗaurin tsakar rana.

Mataki na 7: Kwasa, tari, da tsaron wuta

Ku kwashe dammuna daga fili cikin 'yan kwanaki. Ciyawar da ke ƙarƙashinsu tana mutuwa, ruwa ba zai koma fili ba sai sun tashi, kuma tayoyin da suka bi ta kan sabon toho suna rage yanka na biyu. Ku ɗauki dami da mashi ko abin damƙar da aka yi don haka, ku riƙe shi ƙasa-ƙasa. Damin da aka ɗaga sama a cikin bokitin tarakta yana iya gangarowa ta hannuwanta ya danne direba. In za ku hau titi, ku tabbata alamar nan mai kusurwa uku mai ruwan lemo, ta abin hawa mai tafiya a hankali, tana bayan abin hawan.

Wurin tari ya zama tudu mai tsakuwa inda ruwa ba ya kwanciya, ba ƙarƙashin itatuwa ba. Ku jera dammunan ganga baki da baki, a matse, layin ya miƙe daga kudu zuwa arewa don rana ta sami ɓangarorin biyu, ku bar kamar ƙafa uku tsakanin layi da layi. Kada ku raina ɓawon waje da ke ruɓewa. A damin da faɗinsa ƙafa shida ne, inci shida na waje kusan kashi 30 cikin ɗari ne na dukan damin. Mafi kyawun ingiricinku ya shiga rumfa ko a rufe shi da tamfol. Ku raba tarin gida biyu ko uku masu nisa da juna, don in wuta ta ci ɗaya kada ta cinye hunturun gaba ɗaya, ku kuma tambayi kamfanin inshorarku abin da yake biya a kan tari ɗaya.

Ingiricin da aka ɗaure da danshi yana iya kama wuta da kansa. Ƙwayoyin halitta ne ke ci gaba da aiki a ciki suna tara zafi, kuma mafi yawan irin wannan gobarar cikin makonni shida na farko take tashi. Duk damin da kuke zargi, ku ware shi waje shi kaɗai. Ku riƙa cusa dogon ma'aunin zafi cikin tari. Ɗan ɗumi har digiri 120 na Faranhait ba abin damuwa ba ne. A 150, wato 65 na Salshiyas, an shiga haɗari, sai aunawa sau biyu a rana. A 160, duk bayan 'yan awoyi. A 175, wato wajen 80 na Salshiyas, ku kira 'yan kwana-kwana, kuma kada ku taɓa tarin sai sun iso da ruwa, domin iskar da za ta shiga in an ɗaga dami ita ce za ta hura wutar. Wari irin na ƙonannen sukari ko na taba alama ce. Kada kowa ya taka saman tarin da ya yi zafi, wuta kan ci rami a ciki ba a gani. Yara kuma a hana su hawa tari ko da lafiyarsa ƙalau.

Mataki na 8: Shanun da ke can, da gidan da ke nan

Ingirici bai dakatar da kiwo ba. Shanu suna makiyayar bazara, wataƙila a filin gwamnatin tarayya da kuke da izinin kiwo a kai, mil da yawa daga gida. Bijimai suna cikin garke, domin saniya kwana 283 take ɗaukar ciki, kuma wadda aka hau a Yuni ita ce za ta haihu a Maris ko farkon Afrilu. Bijimin da ya gurgunce mako biyu ba a lura ba, shanu ne da yawa za su fito ba ciki. Ku ware safiyar da ake jiran raɓa ta ɗaga don zagaye: ruwan sha da farko, sai gishiri, shinge, ciwon ido da ruɓewar kofato. Wannan zagayen a mota shi ne aikin da za a iya tafiya da yara, kowa a kujerarsa da bel.

Abinci ku shirya shi tun Mayu, ku dafa da yawa ku daskarar. Al'adar kai abincin dare fili, a buɗe bayan mota a ci a tsaye ko a zaune a inuwar taya, tana da amfanin da ya wuce cika ciki. Tana tilasta wa direba ya kashe inji na rabin awa, wanda ya kawo abincin ya kalli idonsa ya ga ko gajiya ta ci ƙarfinsa, yara kuma su ga mahaifinsu ko mahaifiyarsu a ranar. A yi fakin nesa da inji, kuma sai an kashe shi yara za su sauka.

A cikin zafi, kofin ruwa duk minti 15 zuwa 20. Jiri, ciwon kai, rikicewar magana, duk alamun a tsaya ne nan take. Filaye da yawa babu sabis ɗin waya, don haka ku sayi rediyon oba-oba, ku rubuta a allon kicin wa ke wane fili da lokacin da zai dawo. In lokacin ya wuce da awa ɗaya ba labari, a bi sawu.

Ku yarda tun farko cewa maganar da aka yaɓa wa juna lokacin da inji ya lalace hadari na tasowa ba ita ce za a ɗauka a riƙe ba, amma wanda ya yi ta ya ba da haƙuri kafin a kwanta. Ranar da ruwa ya hana aiki, kada ku cika ta da gyare-gyare tun asuba har dare. Ku yi barci, ku kai yara gari. Kuma ku yi musayar aiki da maƙwabta: ku ja musu manjagara yau, su kawo tirela ranar kwasarku. Ku ne za ku fara zuwa nasu.

Mataki na 9: Gwaji, fari, da yanka na gaba

Makonni kaɗan bayan ɗauri, in zafin dammuna ya kwanta, ku ari bututun ɗibar samfur a ofishin malamin gona na gundumarku. Ku huda dami 15 zuwa 20 daga kowane fili da kowane yanka, ku haɗa, ku aika ɗakin gwaji. Sakamakon zai nuna muku wanda za ku ba shanu masu ciki a farkon hunturu da wanda za ku adana don bayan haihuwa. Ku fesa wa kowane layi lamba da fenti, don dusar ƙanƙara in ta rufe su duk kamarsu ɗaya. In kun yanke hatsi irin su oat, sha'ir ko dawar dabbobi a shekarar fari, ku nemi a gwada sinadarin nitret, domin yana taruwa a kara ya kashe shanu cikin awoyi. In kuna sayar wa masu dawakai alfalfa, ku lura da ƙwaron nan mai sa bororo a fata, wanda ke taruwa a alfalfa mai fure, musamman shekarar da fara ta yi yawa. Dafinsa yana nan ko bayan ya mutu a cikin dami.

Fari zai zo, kamar yadda ya zo wa Montana da Dakota a 2021. Taswirar fari ta ƙasa, wadda Jami'ar Nebraska da ke Lincoln ke fitarwa tare da hukumomin tarayya kowace Alhamis, ita ake dubawa wajen biyan tallafin abincin dabbobi na ma'aikatar gona. Ku yi rajista a ofishin FSA, wato hukumar hidimar manoma ta ma'aikatar gona, na gundumarku tun kafin buƙata ta taso, ku kuma tambayi abin da aka tanadar wa sababbin manoma, wato waɗanda ba su wuce shekara goma a harkar ba. In yanka na farko ya zo da rabin abin da kuka lissafa, ku koma kan takardar Afrilu a makon nan. Ko ku sayi ingirici, ko ku yaye maruƙa da wuri, ko ku sayar da tsofaffin shanu da waɗanda ba su ɗauki ciki ba, tun kasuwa ba ta cika da na kowa ba.

Da zarar an kwashe fili ku mayar da ruwa. Alfalfa takan isa yanka na gaba cikin kwana 28 zuwa 35 ko ɗan fiye a wurare masu sanyi. Yankan ƙarshe ya zama mako huɗu zuwa shida kafin sanyin da ke kashe tsiro, don saiwa ta tara abin da za ta yi hunturu da shi. In kun makara, ku bari sai sanyin ya gama kwantar da ita sannan ku yanka ko ku saki shanu bayan ta bushe. Alfalfa tana kwashe fotash da fosfet da yawa daga ƙasa, saboda haka ku ɗebi ƙasar ku kai gwaji a kaka. Kafin ku tura injin ɗauri cikin rumfa, ku hure shi tas, ku sa masa giris, ku rubuta duk abin da ya karye ko ya yi ƙara a bana, ku yi odar kayan a Disamba.